Tsohon ɗan ƙwallo zai iya riƙe kujerar ciyaman? Amsa ga mai tambaya daga Daura

"Assalamu alaikum Yallaɓai. Ni daga Daura nake. Muna da kulob a unguwarmu da ya haura shekara goma, yanzu muna son mu yi rajista mu shiga lig na masu tasowa. Ciyaman ɗinmu ya ce ya gaji zai sauka, sai matasa suka ce lallai sai dai a ba wani yayanmu da ya buga ƙwallo sosai, ya buga firimiya har ya ɗan fita waje. Dattawan kwamiti kuma sun ce a ba wani Alhaji ɗan kasuwa. Ni dai ina tare da matasa, tunda ga Kanu an ba shi Enyimba, ga Ahmed Musa a Pillars. Don Allah tsohon ɗan wasa yana iya riƙe kulob kuwa?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. In na fahimce ka, kana son ka san ko wanda ya iya murza leda zai iya zama kan kujera ya tafiyar da kulob, sannan a naku na Daura wa ya kamata ku ba tsakanin yayanku da Alhaji. To ni na yi shekaru ina sakataren kulob a nan Katsina, na kuma yi manajan tim, na yi aiki ƙarƙashin ciyamomi huɗu kuma ɗaya daga cikinsu tsohon ɗan wasa ne da muka taso tare, don haka abin da zan gaya maka yawanci abin da idona ya gani ne. Amsar a taƙaice ita ce eh yana iyawa, amma ba ƙwallon da ya buga ce za ta riƙe mashi kujerar ba. Ƙwallon za ta buɗe mashi ƙofa ta sa a saurare shi, daga nan kuma wani aiki ne daban wanda sai ya zauna ya koya kamar yadda ya koyi tare ƙwallo yana yaro.

Mu fara da Kanu tunda shi ka kawo

Duk wanda ya yi kallon ƙwallo a shekarun 1990 ba sai an gaya mashi waye Nwankwo Kanu ba. Daga Iwuanyanwu Nationale ya fito, ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, Ajax ta ɗauke shi ya ci kofin zakarun Turai da ita a 1995, sai gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 inda ya zura wa Brazil biyu muka ci 4-3 a wasan kusa da na ƙarshe, na tuna daren nan unguwarmu ba wanda ya yi barci. Yana zuwa Inter Milan likitoci suka gano matsala a zuciyarshi aka yi mashi aiki a Amurka, mutane da yawa suka ce shi ke nan ya gama, sai ga shi a Arsenal a 1999 yana zura wa Chelsea uku cikin minti sha biyar na ƙarshe bayan an ci su biyu. Gwarzon Afirka sau biyu, 1996 da 1999, sannan shi ya ci wa Portsmouth ƙwallon da ta ɗauki kofin FA a 2008. Ba wanda zai zauna da wannan mutumin ya ce zai koya mashi ƙwallo.

A watan Yulin 2023 gwamnan Abiya Alex Otti ya naɗa shi ciyaman ɗin Enyimba. Abin da matasa ba sa lura da shi shi ne wanda ya gada. Felix Anyansi-Agwu ya haura shekara ashirin a kan kujerar, ba kuma tauraron ɗan wasa ba ne, amma a hannunshi Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004, abin da har yau ba wani kulob na Najeriya da ya yi, kuma ya bar ta tana riƙe da kofin lig na tara. Kanu na hawa ba da jimawa ba Al Ahli Benghazi ta Libiya ta fitar da su daga gasar zakarun Afirka tun zagayen farko, Wydad ta Maroko ta sake fitar da su a wata gasar, a lig kuma suka ƙare na uku a kakar 2023/24. Na uku ba abin kunya ba ne wallahi, kulob nawa ne ke neman haka ba su samu ba, amma ka ga sunan Kanu bai hana komai faruwa ba. Suna ba ya biyan kuɗin jirgi, ba ya hana ɗan wasa mai kyau tafiya in an yi mashi tayin da ya fi.

Shi kuma Ahmed Musa janar manaja aka ba shi a Kano Pillars a 2025, kuma dama ɗan gida ne, a Pillars ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a lig da 18 kafin ya tafi Holan. Amma ka lura da abu ɗaya da ya haɗa su biyun, gwamna ne ya naɗa su, saboda kulob ɗin na gwamnatin jiha ne, kamar yadda Katsina United take ta gwamnatin jiharmu. Wannan maganar zan dawo kanta don ita ce gishirin zancen.

Waɗanda suka yi nasara ba daga fili suka haye kujera ba

Misalin da na fi so in ba matasa shi ne Mahmoud El Khatib na Al Ahly ta Masar, saboda nan Afirka ne. Gwarzon Afirka ne a 1983, duk rayuwarshi ta ƙwallo a Al Ahly ya yi ta, amma sai 2017 ya zama shugaba. Shekara kusan talatin tsakanin ajiye takalmi da hawa kujera, kuma a tsakanin nan yana cikin kwamitin gudanarwa har ya kai mataimakin shugaba, ya ga yadda ake kasafi, ya ga yadda ake faɗa a taro a kuma shirya. Da ya hau sai ga kofin zakarun Afirka a 2020 da 2021 da 2023 da 2024. Kuma mambobin kulob ne suka zaɓe shi da ƙuri'a, su zai yi wa bayani.

Haka Uli Hoeness na Bayern Munich, ciwon gwiwa ya sa ya bar ƙwallo yana da shekara 27 a 1979, ya shiga ofis a matsayin manaja ya yi shekara talatin cur yana neman masu talla yana cinikin 'yan wasa kafin ya zama shugaba a 2009. Shi kuwa Van der Sar, tsohon golan Manchester United da kuka riƙa gani a gidan kallo, da ya ajiye safar hannu makaranta ya koma ya karanta harkar gudanar da wasanni, ya fara da sashen talla na Ajax a 2012, sai 2016 aka ba shi ragamar kulob ɗin. Ba kuma ina ce maka duk wanda ya bi wannan hanyar ya tsira ba, Oliver Kahn ya shiga ofishin Bayern a 2020 ya zama babban shugaban gudanarwa a 2021, a watan Mayun 2023 aka sallame shi a ranar da suka ci lig. Ronaldo na Brazil kuwa da kuɗinshi ya sayi kaso 51 cikin ɗari na Valladolid a Sifen a 2018, kulob ɗin ya yi ta faɗuwa yana tasowa har magoya baya suka juya mashi baya. Kai, kujerar nan ba ta san sani ko sabo ba.

Menene aikin ciyaman a zahiri

Yawancin matasa in aka ce ciyaman abin da ke zuwa masu a rai shi ne mutumin da ke zaune a rumfar manya ranar wasa da babbar riga. Wannan minti casa'in ne a sati. Sauran kwana shidan neman kuɗi ne da takarda da lallashi. Kuɗin rajista, kuɗin mota da mai, otal in za a kwana, abinci, alawus, bonas in an ci wasa, jesi da ƙwallaye, magani in yaro ya ji ciwo, jami'an tsaro ranar wasan gida, sannan ga tara in magoya baya suka yi jifa ko suka shiga fili. Ku da za ku shiga lig na masu tasowa ba za ku yi doguwar tafiya irin ta firimiya ba inda tim zai taso daga Katsina ya nufi Aba ko Uyo ko Fatakwal a bas, amma ko wasan Funtuwa ko Malumfashi ne daga Daura sai an zuba mai an ci abinci, kuma kowane sati ne.

Bari in ba ka labarin abokina da na ce maka, Allah ya saka mashi da alheri don mutumin kirki ne. Ranar da aka ba shi kujera yara har ɗaga shi suka yi sama. Kuma gaskiya watannin farko mun ga bambanci, yana zuwa tirenin tun asuba, yaro in yana ɗingishi yana ɓoyewa don kar a ajiye shi a benci shi daga nesa zai gane, in ejan ya zo da daɗin baki yana son ya yaudari yaro shi ya san irinsu don an taɓa yi mashi. Akwai wani yaro da ya karye a ƙafa, iyayenshi suka ce gidan mai ɗori za a kai shi, shi ya tsaya kai da fata sai da aka fara zuwa asibiti aka ɗauki hoton ƙafar, ya zauna da mahaifin yaron a kan tabarma a zaure ya nuna mashi tabon da ke gwiwarshi ya ce Baba ni wannan ne ya raba ni da ƙwallo saboda an yi gaggawa. Ɗan kasuwa ba zai iya wannan ba, ba shi da tabon da zai nuna.

Amma inda aka samu matsala biyu ne. Na farko ya kasa barin koci ya yi aikinshi. Wata rana an ci mu ɗaya an tafi hutun rabin lokaci, koci ya tara yara a gefen fili yana zana masu da tsinke a ƙasa, sai ga ciyaman ya sauko daga rumfa ya tsuguna ya share zanen da tafin hannunshi ya zana nashi, ya ce a cire lamba takwas. Koci bai ce uffan ba, ya ja da baya ya harɗe hannu. Mun farke wasan kuwa, amma daga ranar duk yaron da koci ya ajiye sai ya zagaya gidan ciyaman da dare ya kai ƙara, kafin kaka ta ƙare koci ya ajiye aiki, wanda muka kawo bayanshi kuma ya zo ya tarar yara sun riga sun san ba shi ke da magana ba. Wannan ciwo ne na tsofaffin 'yan wasa kusan dukansu, ƙafarsu na ƙaiƙayi, suna ganin abin da koci bai gani ba kuma sau da yawa suna da gaskiya, sai dai gaskiyar da aka faɗa a gaban yara ta fi kuskuren koci ɓarna.

Na biyu kuɗi. Ba cin kuɗi ba, shi ko kwabo bai taɓa ci ba, nashi ma ya ƙare a ciki. Matsalar ba ya iya cewa babu. Ya san zafin a riƙe wa ɗan wasa haƙƙinshi don an riƙe mashi, to duk wanda ya zo da kuka sai ya sa hannu a aljihu, ba rasit ba rubutu. Na tuna wata asuba za mu wasan waje, yara sun cika bas, direba ya kashe mota ya ce ba ya tashi sai an cika mashi bashin tafiya biyu da yake bi, ciyaman ya hau mashin ɗin wani yaro ya je ya buga wa mai POS ƙofa ya ciro kuɗin makarantar 'ya'yanshi. Kowa ya yaba, ni ma na yaba, amma da shekara ta zagayo aka zo lissafi ba wanda ya san nawa kulob ke bin mutane nawa ake bin shi, masu ba mu gudummawa suka fara ja da baya don ba takardar da za a nuna masu, har aka soma 'yan gunaguni a majalisa ana cewa ina kuɗi suka shiga, mutumin da ya talauta kanshi saboda kulob. Ya sauka ranshi a ɓace, har yau in na tuna abin yana ci mani rai, kuma ni ma da laifina don ni ne sakatare, ya kamata in dage tun farko ko da za mu ɓata.

Asarar da ta fi yi mani ciwo

Akwai wata doka ta FIFA da ƙananan kulob ɗinmu da yawa ke asara a kanta. In aka sayar da ɗan wasa daga kulob na wata ƙasa zuwa na wata ƙasa yana cikin kwantiragi, ana ware kaso 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, kowa gwargwadon shekarun da yaron ya yi a hannunshi. Akwai kuma kuɗin horarwa da ake biya in yaro ya sa hannu a kwantiraginshi na farko na ƙwararre. Amma duk wannan sai in sunan yaron yana cikin rajistar hukumar ƙwallo a ƙarƙashin kulob ɗinku. Mu mun raini wani yaro shekara huɗu, da takalminshi da abincinshi, wani ya zo ya ɗauke shi da sunan gwaji, ciyaman ya ce a bar shi ya tafi kar mu tare mashi arziki, ko takarda ɗaya ba a rubuta ba. Yaron ya fita waje, an sayar da shi, mu ko sisi. Da mun yi mashi rajista yadda ya kamata da ba mu tare mashi komai ba kuma da kulob ya samu abin da zai riƙe shi. Ka duba Remo Stars ta Ikenne da ta ci lig a 2025, ta mutum ɗaya ce ɗan kasuwa Kunle Soname, da filinta da makarantar rainon yaranta, irin wannan tsarin ne ke riƙe da ita.

Wa ke riƙe da lalita

Yanzu na dawo kan maganar da na ajiye. A kulob ɗin gwamnati ciyaman, ko Kanu ne ko wane ne, ba shi ke da kuɗi ba, fayil zai rubuta ya bi ta ofis-ofis ya jira a saki, in an yi jinkiri shi 'yan wasa za su tare a bakin ƙofa, in gwamnati ta canza kuma sau da yawa kujerar ta tafi da ita. Amfanin babban suna a nan shi ne in ya buga waya ana ɗauka. Ku naku ba haka yake ba, ba ku da gwamna, lalitarku ita ce aljihun mutanen unguwa da 'yan kasuwar Daura da 'yan siyasar da za su tuna da ku lokacin zaɓe su manta bayanshi. Don haka dattawan nan da suka ce Alhaji ba ƙin yayanku suke ba, sun san ranar da direba zai kashe mota tana nan tafe, kar ku raina masu hankali.

Sai dai shi ma Alhajin yana da nashi. Na yi aiki da irinsu biyu. Ɗaya ya riƙe mu tsakani da Allah, ɗayan kuwa da ya ga kuɗinshi ne sai ya fara kawo 'ya'yan abokanshi a sa su a wasa, da kasuwa ta juya mashi baya kuma ya janye hannu rana ɗaya muka wayi gari ko kuɗin ruwan leda babu. Kulob ɗin da ke tsaye a kan aljihun mutum ɗaya duk ranar da ya yi atishawa kowa sai ya kwanta.

Abin da zan ba ku shawara

In da ni ne a cikinku ba zan bari a mayar da abin zaɓi tsakanin mutum biyu ba, don duk wanda ya faɗi zai tafi da mutanenshi, ku kuma duka biyun kuke buƙata. Hanya ɗaya ita ce Alhaji ya riƙe ciyaman na shekara biyu, yayanku ya zama manajan tim kuma mataimaki, duk abin da ya shafi 'yan wasa da koci da ɗaukar yara yana hannunshi, amma ya riƙa zama a kowane taron kuɗi, ya bi sakatare zuwa ofishin hukumar ƙwallo ta jiha ya ga yadda ake rajista da lasisin 'yan wasa, a kuma rubuta tun yanzu cewa bayan shekara biyun za a sake zama. Ɗaya hanyar, in matasa sun dage kuma su ne ƙarfin kulob ɗin, a ba yayanku kujerar, Alhaji ya zama uban ƙungiya kuma shugaban kwamitin kuɗi, a buɗe asusu a banki da sunan kulob wanda kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, a nemo ma'aji wanda ba abokin kowa ba, ko malamin makaranta ne mai tsoron Allah da ya iya lissafi, duk wata uku a karanta wa mambobi abin da ya shigo da abin da ya fita. Ni na fi karkata ga ta farkon, saboda abin da na gani a kan abokina, amma ta biyun ma tana tafiya in an tsare sharuɗɗan.

Kafin ku yanke, ku je gidanshi ku uku ko huɗu bayan sallar isha'i ku yi mashi tambayoyi ba a gaban jama'a ba. Nawa yake ganin kaka ɗaya za ta ci, kuma daga ina kuɗin za su fito? In ya ce Allah zai kawo ku ce mashi amin, amma ta hannun wa? In koci ya ajiye yaron da shi yake so me zai yi? Zai iya sallamar abokinshi da suka buga tare in ya kasa? Sannan yana da sana'ar da yake ci da iyalinshi? Wannan ta ƙarshen kar ku ji kunyarta, don wanda ba shi da abin yi in ya hau kujerar ko dai kulob ya cinye shi ko shi ya fara cin kulob, ba don mugun hali ba sai don yunwa.

Ni dai ban san yayanku ba ban kuma san Alhajin ba, ban ga littafin kuɗinku ba, kuma aikina duk a ƙananan kulob na yi shi, don haka ku da ke tare da su ku kuka san halin kowa. In kun zauna kun yanke ka sake rubuto mani, zan turo maka samfurin takardar yarjejeniya da muke ba iyayen yara su sa hannu kafin mu yi masu rajista, da yadda nake tsara littafin shiga da fita. Ka gaishe mani da dattawan kwamiti.